Ba Wake Ba Ne a Hancin Naziru

A wani ƙauye da ke gefen Zakirai, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Gidansu ne na ƙarshe a layin. Bayan dangarsu sai gonar wake. Bayan gonar wake sai gidan wasu, bayan gidan wasu kuma sai wata gonar. Haka ƙasar wajen take, ba inda aka bari a banza.

Yarinyar nan tana da wani hali. Ba ta iya ganin abu a rufe ta wuce. Sai ta buɗe ta ga abin da ke cikinsa. Tsohuwar rediyon Baba ta ji jiki a hannunta. Agogon bangon Inna ma bai tsira ba. Shi ya sa kakarta, Iya Kaltume, ta raɗa mata suna Injiniya. Inna kuwa ba ta kama sunanta, don ita ce 'yar fari. In za ta kira ta sai ta ce, "Ke, Yayar Naziru."

Naziru shi ne ƙaninta. Shekararsa uku. Inda ta ɗaga ƙafa nan yake sa tasa. Abin da ta taɓa kuma sai ya taɓa.

Wata rana Malam Tasi'u, mai koyar da kimiyya, ya shigo aji da ɗan ƙwan fitila da waya da batir. Ya haɗa bakin waya da bakin waya. Fitila ta kama. Ya raba su, ta mutu.

"Kun gani?" in ji Malam. "Wutar lantarki ba ta tafiya sai hanyarta ta haɗe. Ina so kowa ya je gida ya haɗo wani abu mai kawo haske. Mu ga gwaninmu."

Aji ya kaure da surutu. Malam ya buga tebur.

"Ban gama ba. Akwai batirin da nake so ku kiyaya."

Ya ɗaga wani ɗan mitsitsin batir mai ƙyalli. Bai fi ƙwayar wake ba. Sannan ya kwance wata leda. A ciki akwai 'yar tsokar nama da ya karɓo wajen mahauci. Ya tura batirin cikin naman, ya ajiye a bakin taga. Ya ci gaba da darasi kamar ya manta.

Da aka kusa tashi, sai ya ɗauko naman ya buɗe. Inda batirin ya kwanta ya yi baƙi ƙirin, sai ka ce an ɗora garwashi.

"Haka yake yi wa jikin mutum," in ji Malam. "In ya samu danshi, ƙuna yake yi a hankali. Ba hayaƙi, ba ƙara. Idan yaro ya haɗiye shi, ko ya tura a hanci ko a kunne, ba a jira. Asibiti za a nufa. Kun ji ko?"

"Mun ji, Malam!"

Ita ma ta amsa da ƙarfi. Amma gaskiya rabin hankalinta ya riga ya tafi gida. Tana can tana tsara abin da za ta haɗa.

Baba manomi ne, amma safe da yamma yana da teburin shayi a bakin titi. Da laita yake kunna wuta. Irin laitar nan ce mai 'yar fitila a gindi. In gas ɗinta ya ƙare, sai ya jefa ta cikin wani tsohon kwano. Fitilar kuwa tana nan da ranta.

"Baba, ka ba ni matattun laitocin nan mana," in ji yarinyar.

"Ki yi me da su, Injiniya?"

"Wasa zan haɗa. Aikin makaranta ne."

Baba ya juye mata su a leda. Ya ƙara mata da kwalin madara, da marafan lemo, da wani gwangwani mai murfi.

"Ƙananan kayan nan za ki dinga zubawa," in ji shi. "Ki rufe da kyau."

Ta koma gida bakinta har kunne. Ta fasa laitocin ɗaya bayan ɗaya. A cikin kowace akwai ƙwan fitila da 'yan batura masu ƙyalli, irin wanda Malam ya nuna. Ta zuba su a gwangwani.

Ta shimfiɗa kwalin, ta zana wata hanya mai kwana-kwana. Hanyar ta taso daga gona ta ƙare a rumbu. Ta raba ta gida-gida. A wasu gidajen ta kafa ƙananan ƙusoshi biyu-biyu, ta ɗaure su da waya ta bayan kwalin. In marfin lemo ya sauka a kan ƙusoshin nan, hanyar wuta ta haɗe ke nan, sai fitila ta kama.

Ta naɗe wasu fitilun da jar ledar alawa, wasu da koriya. Koriya ta alheri ce. "Ruwa ya sauka, ƙara gaba." "An yi maka gayya, ƙara gaba." Ja kuwa ta masifa ce. "Akuya ta shiga gona, koma baya." "Jaki ya kwanta a hanya, zauna ka jira." Da ɓawon gyaɗa ake jefawa. Yawan waɗanda suka faɗi a buɗe, yawan gidan da za ka tsallaka.

Inna ta tsaya a kanta tana kallon tarkacen.

"Ke, Yayar Naziru. Kin san yaron nan komai ya gani baki yake kai wa. Wallahi in na tsinci ko ɗaya daga 'yan ƙarafan nan a ƙasa, kwalin nan murhu zai shiga. Kin ji na rantse."

"Ba za ki tsinta ba, Inna."

Lokacin kaka ne. An roro wake, an zube shi a tsakar gida. Ranar Asabar bayan azahar, Inna tana sussuka, Iya Kaltume tana zaune da faifai tana tsince tsakuwa. Baba yana gonar bayan gida yana ɗaure harawa. Ko'ina ka duba wake ne, har cikin takalmi.

Yarinyar tana inuwar zaure a kan tabarma. Ta sha fama da wayoyin nan. Ta ɗaura, sun ƙi. Ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta goge marfin lemo a dutse har fentinsa ya fita. Ta ɗora shi a kan ƙusoshi.

Koriyar fitila ta kama!

Ta yi tsalle ta sungumi kwalin. "Iya! Iya! Ta kawo!" Ta ruga tsakar gida da gudu. Gwangwanin yana nan a kan tabarma, murfinsa a gefe.

Iya Kaltume ta ajiye faifai. "Kai, Injiniya! Yau kin kawo mana lantarki gida?"

"Jefa ɓawon gyaɗa, Iya, ki gani."

Iya ta jefa. Marfinta ya sauka a wani gida, jar fitila ta kama.

"Me ta ce?"

"Akuya ta shiga gonarki. Koma baya."

"Akuyar wa? A kamo min ita!"

Har Inna sai da ta yi dariya. Aka jefa, aka sake jefawa. Yarinyar ta manta da zaure, ta manta da tabarma. Sai da Iya ta ce bayanta ya gaji, sannan ta ɗauki kwalinta ta koma.

Ta tarar da Naziru zaune dirshan a gaban gwangwani. Yana ta murmushi.

"Yaya, duba hancina. Ya kawo wuta?"

Ta durƙusa a gabansa. "Me ka sa a ciki?"

Ya nuna gwangwani da ɗan yatsa.

Ta ja shi bakin ƙofa inda haske yake. Ta ɗaga kansa ta leƙa. Can ciki, a hancin dama, wani abu yana ƙyalli.

"Face, Naziru! Face da ƙarfi!"

Naziru bai iya facewa ba. Shaƙa ya yi.

Ta zari tsinken tsintsiya. Ta zura a hankali don ta zaƙulo. Abin ya ƙara shigewa, har ta daina hango shi. Naziru ya fashe da kuka.

"Yi shiru, yi shiru! Zan saya maka alawa. Kada ka faɗa wa Inna, ka ji?"

Ta rufe gwangwani ta cusa a ƙarƙashin tabarma. Ta dubi kwalinta. Ta tuna murhu. Ta ce a ranta, ai ƙarami ne, in ya yi atishawa zai faɗo, ba wanda zai sani.

Naziru ya yi shiru, amma bai koma wasa ba. Ya shiga tsakar gida yana murza hanci. Ya zauna a jikin Iya. Ba a jima ba ruwa ya fara zubowa ta ƙofar hanci ɗaya.

Iya Kaltume ta goyi 'ya'ya, ta goyi jikoki. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Yaron nan ya cusa wake a hanci," in ji ta.

Inna ta saki taɓarya. "Wake, Iya?"

"To me kike tsammani, ga shi zube ko'ina? Kwantar da hankalinki. Ubansa ma ya yi, yana kamarsa. Shi masara ya cusa, don ya fi shi rigima. Duk kaka sai an yi wannan a garin nan."

Ta kwantar da Naziru a cinya. Ta toshe masa hancin hagu da yatsa. Ta sa bakinta a nasa ta hura da ƙarfi. Ba abin da ya fito. Ta sake hurawa. Shiru.

"Ya yi nisa," in ji Iya. "Ba komai. A ɗiga masa man shanu, hanya ta yi santsi. A bar shi ya kwana. Gobe da safe atishawa ɗaya zai yi, ya faɗo."

"Kin tabbata, Iya?" in ji Inna.

"Wake ne fa, ba kunama ba. Injiniya! Shiga ɗakina ki ɗauko min kwalbar man shanu."

Yarinyar tana raɓe a jikin danga. Duk ta ji abin da aka ce. Ta shiga ɗakin Iya. Ta ɗauki kwalbar. Sai ta tsaya.

A bar shi ya kwana.

Naman nan na bakin taga bai kwana ba. Daga safe zuwa tashin makaranta ya yi baƙi. Hancin Naziru kuwa ya fi naman nan laushi. Yanzu haka, tana tsaye da kwalba a hannu, abin yana can yana ƙunarsa. Iya ba ta sani ba. Inna ba ta sani ba. Duk gidan ita kaɗai ta sani.

Tsoro ya kama ta, tsoron da ya fi na murhu. Ta ji ta tsani kwalin nan da fitilunsa duka.

"Injiniya! Man shanun kike kaɗawa ne?" in ji Iya daga waje.

Ta fito. Hawaye ya riga ya wanke mata fuska. Ta ƙi miƙa kwalbar.

"Iya, ba wake ba ne."

"Me kika ce?"

"Ba wake ba ne. Batir ne. Na wasana. Na bar gwangwani a buɗe, ya ɗauka ya sa. Malam ya ce ƙona nama yake yi. Ya ce ba a jira, asibiti ake tafiya. Inna, don Allah a kai shi yanzu. Ki ƙona kwalin, ki dake ni, amma a kai shi yanzu!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" in ji Inna.

Iya ba ta tsaya musu ba. Ta miƙe tsaye da Naziru a hannu, kamar ba ita ce mai ciwon baya ba.

"Wake na sani," in ji ta. "Wannan ban san shi ba. Ruga ki kira ubanki!"

Yarinyar ta fita ta ƙofar baya. Ta keta gona tana ihu. "Baba! Baba!" Baba ya yar da damin harawa ya taho a guje. Kafin ta gama bayani ya riga ya turo babur daga zaure.

Inna ta yafa mayafi ta hau baya, ta rungume Naziru. Baba ya dubi yarinyar.

"Ɗauko irin batirin guda ɗaya. Hau gaba. Ke za ki yi musu bayani."

Hanyar Zakirai ta bi ta tsakiyar gonaki. Sun wuce amalanken shanu cike da dawa. Sun wuce yara masu kora tumaki. Mutane suna ɗaga wa Baba hannu, ko amsawa ba ya yi. Naziru yana kuka ƙasa-ƙasa. Yarinyar ta damƙe batirin a hannu, tana addu'a duk wadda ta zo bakinta.

A asibiti akwai mutane zaune a benci suna jiran layi. Baba ya nufi wata malamar asibiti mai farar riga.

"Malama, don Allah, yaro ne ya sa abu a hanci."

"Wake ko gyaɗa? Ku zauna, za a kira ku."

Yarinyar ta matso ta buɗe hannunta. "Irin wannan ne, Malama."

Fuskar malamar ta canja. "Ku biyo ni. Yanzu."

Aka shiga wani ɗaki. Aka naɗe Naziru da mayafin Inna don kada ya yi ta fisge-fisge. Baba ya riƙe kansa. Malamar ta haska hancin da fitila. Ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa a baki.

Naziru ya tsala ihu. Yarinyar ta runtse ido, ta toshe kunnuwa. Duk da haka tana ji.

Can sai wani ɗan ƙara. Ƙwal!

Ta buɗe ido. Batirin yana cikin farantin ƙarfe. Ya daina ƙyalli. Ya yi baƙi, ga ɗan jini a jikinsa.

"Ya fito," in ji malamar.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. Ya faɗa ya sake faɗa. Inna ta zauna a ƙasa. Yarinyar ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Ta yi ajiyar zuciya, sai kuma wani kukan ya zo, amma wannan ba irin na ɗazu ba ne.

Malamar ta sake leƙa hancin, ta daɗe tana dubawa.

"Ya fara ƙuna," in ji ta. "Amma kaɗan ne. Kun zo da wuri. Da ya kwana, da sai mun tura ku Kano, kuma da wuya bai huda tsakanin hancin ba. An zura masa wani abu?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Na sa tsinke."

"Kada ki ƙara. Tura shi ciki kika yi. Irin wannan ba a zaƙulowa a gida, ba a ɗiga komai. Wa ya gane batir ne?"

"Ita," in ji Baba. "Ita ta jawo, ita kuma ta faɗa."

Malamar ta rubuta magani. Ta ce a dawo da shi ta ga yadda ciwon yake warkewa.

Suna isa gida suka tarar da Iya a ƙofar zaure da carbi a hannu. Maƙwabta sun taru. Naziru ya yi barci a kafaɗar Inna.

"Ya fito?" in ji Iya.

"Ya fito, Iya," in ji Baba.

Iya ta ɗaga hannu sama ta yi godiya ga Allah. Sannan ta shafa kan Naziru. "Ɗan nema! Ubanka masara, kai lantarki."

Mutane suka yi dariya, irin dariyar da ake yi bayan hankali ya kwanta.

Bayan magariba, yarinyar ta ɗauko kwalin da kanta. Ta kai wa Inna a bakin murhu. Ta durƙusa.

"Ga shi, Inna."

Sannan ta faɗi duk yadda aka yi, har maganar alawa. Inna ta dube ta.

"Kin san abin da ya fi yi min ciwo? Barin gwangwani a buɗe mantuwa ce. Kowa yana mantuwa. Amma kin ga abin a hancinsa, kika ce masa kada ya faɗa min. Kina tsaye ana cewa wake ne, kika yi shiru."

"Tsoro na ji, Inna."

"Na sani. Ni ma na ƙara miki tsoron da bakina, na kuma yi rantsuwar da bai kamata in yi ba. Zan yi kaffararta. Ba zan ƙona ba. Amma ba za ki taɓa shi ba sai ƙaninki ya warke."

Baba ya karɓi kwalin da gwangwanin. Ya kulle su a akwatin kayan shayi.

Ranar da kowa ya kai aikinsa makaranta, ita ta je hannu rabbana. Wani ya haɗa mota da gwangwani, fitilunta suna kamawa. Wata ta yi ɗan gida na kara mai fitila a ƙofa. Malam Tasi'u ya iso kan bencinta.

"Ina naki? Ke da nake sa ran za ki fi kowa?"

Ta tashi tsaye. Kunya kamar ta nutse. Amma ta faɗi abin da ya faru, ba ta rage komai ba, har tsinken da alawar.

Duk aji ya juyo yana kallonta.

"Ya jikin yaron?" in ji Malam.

"Da sauƙi, Malam."

"To, alhamdu lillahi. Wa yake da ƙarami a gida?"

Kusan kowa ya ɗaga hannu.

"Yau in kun koma, kowa ya duba inda ya ajiye baturansa."

Kwanakin nan yarinyar ba ta da aiki sai kallon hancin Naziru. In ya yi atishawa sai ta zabura. In ya murza hanci sai ta riƙe masa hannu. Ita take tuna wa Inna lokacin magani. Hancin ya kumbura kaɗan, ya toshe, yana shaƙar iska ta baki. Ko ƙosai aka kawo ba ya juyowa, shi da ƙamshin ƙosai ke tashinsa daga barci. Wannan ya dame ta ƙwarai.

Da aka koma asibiti, malamar ta haska ta duba. Ta yi murmushi.

"Ciwo ya rufe. Ba huda. Ku je abinku."

A ranar Baba ya buɗe akwati. Shi da ita suka zauna. Suka jera baturan a cikin wani ɗan ƙaramin gwangwani, suka fito da waya ta wani ɗan rami. Baba ya matse murfin, ya naɗe shi da salatif ya sake naɗewa. Ya ba ta ta gwada buɗewa. Ta yi ta fama, ya ƙi. Ragowar baturan ya mayar akwati ya kulle.

Da yamma aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Iya ta zo, Baba ya zo. Inna tana gefe tana haɗa miya, tana leƙowa. Naziru aka ba shi aikin jefa wa Iya ɓawon gyaɗa.

Ya jefa. Marfin Iya ya sauka. Jar fitila ta kama.

"Jaki ya kwanta a hanya, Iya. Zauna ki jira."

"Ni kullum ja? Injiniya, anya ba ki haɗa baki da fitilar nan ba?"

Daidai nan Inna ta buɗe kwanon daddawa za ta jefa a turmi. Naziru ya yamutsa fuska. Ya toshe hanci da hannu biyu.

"Inna, wari!"

Kowa ya tsaya. Sai Iya ta tafa hannu.

"Ya ji! Wallahi ya ji! Hanci ya dawo bakin aiki!"

Yarinyar ta sungumi Naziru ta yi ta juyi da shi. Tana dariya, hawaye yana zuba. Ba ta taɓa jin daɗin warin daddawa kamar na ranar ba.

Inna ta goge ido da gefen zane. Ta ce, "Yayar Naziru, me kika koya?"

Ta sauke ƙaninta, ta riƙe hannunsa.

"Ƙaramin batir ba a barinsa inda yaro zai kai hannu. Kuma in na yi kuskuren da zai cutar da wani, in faɗa nan take, ko da za a yi min faɗa. Faɗa yana wucewa, Inna. Da na yi shiru har safe, da hancin Naziru bai dawo ba."

"Allah Ya yi miki albarka," in ji Inna. "Kai kuma mai hanci, matso ka ɗanɗana miya."